Balaga Daban, Rushdi Daban: Koya wa Ɗalibi Riƙon Kuɗi da Shiga Kasuwa

 

'Yan'uwa, akwai wani zama da kowane limami ya sani. An sallame isha'i, an yi shafa'i da wuturi, jama'a sun watse, sai ka hangi saurayi ya yi saura a sahun baya yana jan carbi, ba shi da niyyar tashi. Ka miƙe, shi ma ya miƙe. Sai kun kai wajen takalma sannan ya rage murya ya ce, "Malam, ina da 'yar magana." Shekarun da na yi a kan wannan aiki a Umdurman sun sa kafin ya fara na san ƙarshenta: kuɗin wata ya ƙare, wata kuwa ko rabi bai kai ba.

Akwai ɗaya da ba na mantawa, tun kafin yaƙi. Ɗalibin shari'a ne da ya zo daga ƙasar Hausa, mahaddacin Alƙur'ani, in kuna i'irabi da shi sai ka yi da gaske. Ba ya shan taba, ba ya caca, ba ya yawon banza. Na ce masa, "Ɗana, nawa aka aiko maka?" Ya faɗa. Na ce, "Ina suka tafi?" Ya yi shiru. Na ɗauko takarda da biro muka zauna lissafi, wannan na haya, wannan na mota, wannan na littafi. Da ƙyar muka gano inda rabi ya shiga. Sauran rabin kuwa, wallahi har muka tashi bai san inda ya bi ba. Kuma mahaifinsa manomi ne, sai da ya buɗe rumbu ya sayar da hatsi sannan ya aiko.

Na ba shi abin da ya sawwaƙa, amma daren nan ban yi barci da wuri ba. Yaron nan ya ci jarrabawar babin ciniki, ya san sharuɗɗan mai saye da mai sayarwa da ka, amma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa yadda ake raba kuɗi a kan kwana talatin. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Da namu a ciki, mu iyaye da malamai. Yanzu da jama'a ke komowa gidajensu a Hartum da Bahri da Umdurman, jami'o'i kuma suna ƙoƙarin buɗe ƙofofinsu, za mu sake tura yara karatu da kuɗin da ya fi na da wuyar samu. Shi ya sa na ga ya dace mu yi wannan magana tun da wuri.

Abin da shari'a ta kira rushdi

A farkon Suratun Nisa'i, aya ta 5 da ta 6, Allah Ya yi bayanin hukuncin dukiyar marayu. Abin da ke ciki a taƙaice shi ne, ba a danƙa dukiya ga wanda bai iya riƙe ta ba, kuma waliyyi zai riƙa jarraba maraya har ya kai munzali, sai an ga rushdi tare da shi sannan a miƙa masa kayansa. Ku lura da kyau, sharaɗi biyu ne aka gindaya. Balaga ɗaya, rushdi ɗaya. Balaga jiki ne yake kawo ta, ko an so ko ba a so ba. Rushdi kuwa koyonsa ake yi.

Malamanmu na Malikiyya suka ce rushdi shi ne mutum ya iya tsare dukiya, ya kuma iya juya ta yadda ya dace. Imamu Shafi'i ya ƙara da gyaruwar addini. Imamu Abu Hanifa ya ce in mutum ya kai shekara 25 a ba shi dukiyarsa ko yaya yake. Kun ga, wajen shekarun da yawancin 'ya'yanmu ke gama jami'a ke nan. Kishiyar mai rushdi shi ne safihi, kuma kada ku ɗauka safihi sai mashayi ko ɗan caca. Wanda ake cutarsa a ciniki kullum bai gane ba, shi ma yana cikin lissafi.

To, yaya ake jarrabawar? Masu tafsiri sun yi bayani: a ba yaro ɗan wani abu kaɗan ya juya a gani, wasu suka ce a bar masa cefanen gida na wata guda a duba yadda zai yi. Wannan fa maraya ne, dukiyar kuma tasa ce ta gado, amma ba a sakar masa sai an gwada shi. Mu kuwa sai mu ɗauki yaron da bai taɓa sayen ko albasa da kansa ba, mu tura masa kuɗin wata uku a waya, mu ce Allah Ya ba da sa'a.

A makarantunmu ma akwai giɓi, kuma ni malamin makaranta ne, da kaina nake faɗa. Yaro zai fara da Ahalari, ya wuce Ishmawi, duka ibada ce: tsarki, salla, azumi. In ya shiga Risala ta Ibn Abi Zaid, babin ciniki sai bayan an wuce aure da saki da idda. Kafin a kai can, da yawa sun bar zaure sun tafi neman abinci. Sai ya zama mutum ya san ƙabli da ba'adi filla-filla, amma bai san abin da ke ɓata ciniki ba, alhali sau biyar yake salla a yini, ciniki kuwa sai ya yi ashirin. An ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya hana wanda bai san fiƙihu ba yin ciniki a kasuwar Madina. Da yau za a yi haka a kasuwar Sabirin ko kasuwar Umdurman, sai dai a rufe rumfuna.

Kuma ba sabon ilimi ba ne. Yahya ɗan Umar, malamin Malikiyya na Ƙairawan a ƙarni na 3 na hijira, ya bar mana Ahkamus Suƙ, littafi sukutum a kan awo da sikeli da algus. Imamul Gazali ya ware littafi guda a cikin Ihya'u a kan ladubban neman abinci. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Tanbihus Sahib a kan hukunce-hukuncen sana'a. Abin yana cikin gidanmu, mu ne muka bar shi a kanta ƙura ta rufe.

Yadda jami'o'i suka ɗauke shi

A jami'o'in zamani wannan fanni yana da sunaye: ilimin tattalin gida, ilimin iyali, ilimin mai saye. A Amurka ya kafu, inda wata masaniyar kimiyya, Ellen Richards, ta jagoranci tarurruka tun daga 1899 har aka kafa ƙungiyar masana tattalin gida. A 1994 suka sake masa suna ya koma ilimin iyali da na mai saye. A ranar 15 ga Maris 1962 shugaban Amurka John Kennedy ya gabatar wa majalisarsu haƙƙoƙi huɗu na mai saye: kada a sayar masa da abin da zai cutar da shi, a gaya masa gaskiyar kaya, ya sami zaɓi, kuma a saurari kukansa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da nata ƙa'idojin a 1985. Wanda ya karanta babin ciniki zai ga ba baƙo a cikin huɗun nan, sai dai su sun mayar da abin darasi mai aji da jarrabawa da ofishin kai ƙara.

Ba sai mun je nesa ba ma. A nan Umdurman, Jami'ar Ahfad ta mata da wannan fanni ta fara. Asalinta makarantar 'yan mata ce da Shaihu Babikir Badri ya buɗe a Rufa'a a 1907 da 'ya'yan gidansa da na maƙwabta. Ɗansa Yusuf Badri ya kafa kwalejin a 1966 da ɗalibai 23, kuma makarantar ilimin iyali ce tubalin farko. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne, mutane sun ɗauki wannan karatu na mata ne kawai, girki da ɗinki. Alhali waɗanda ke tsayawa a sahun baya bayan isha'i duk maza ne.

Ga wani abu na tarihi da matasa ba su sani ba. Kafin 1990, ɗalibin Jami'ar Hartum gwamnati ce ke ba shi ɗaki, ta ciyar da shi. Bai san farashin sukari ba har ya gama. Da aka faɗaɗa jami'o'i a farkon shekarun 1990 aka buɗe sababbi a jihohi, sai aka janye wannan gata, aka kafa asusun kula da ɗalibai na ƙasa ya riƙi ɗakunan kwana, abinci kuwa ya koma wuyan ɗalibi. Tun daga ranar ɗalibi ya zama ɗan cefane, amma ba a ƙara masa darasin cefane ba. Haka 'yan'uwanmu da ke zuwa daga Najeriya da Nijar da Chadi su yi karatu a Jami'ar Afirka ta Duniya ko Jami'ar Musulunci ta Umdurman, da namu na gida da ke zuwa daga Mai Wurno da Gadarif da Kasala, kowa kasuwa ɗaya yake shiga.

Kasuwar kuwa ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Da Kudu ta ɓalle a watan Yuli 2011 ta tafi da wajen kashi uku cikin huɗu na man fetur, farashi ya fara gudu. A Disamba 2018 burodi ya tashi daga jine ɗaya zuwa uku a Atbara, kowa ya san abin da ya biyo baya. A Fabrairu 2021 babban banki ya mayar da farashin dala daga jine 55 zuwa wajen 375 a rana ɗaya. A tsakiyar wannan shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari, ma'ana abin da ka saya ɗari bara ya koma ɗari biyar. Sannan ga yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya mayar da alheri. Uba a ƙauye yana lissafi da farashin bara, ɗa a birni yana saye da farashin yau. Rigima da yawa tsakanin uba da ɗa daga nan take tasowa, ba don wani ya yi ƙarya ba.

Daga littafin aljihu ake farawa

Ni a darasina ba na farawa da nasiha. Na gwada, ba ta aiki. Ƙaramin littafi nake sa kowa ya saya, ya rubuta duk abin da ya fita daga aljihunsa na mako biyu, ko da kofin shayi ne a wajen mai shayi, ko kuɗin raksha, ko katin waya. Ba na cewa ya rage komai. Ya rubuta kawai. Bayan mako biyu sai mu zauna mu tara.

Abin da ke fitowa kusan iri ɗaya ne kullum. Manyan abubuwa ba su ke cinye kuɗi a ɓoye ba, domin haya da kuɗin makaranta kowa yana tuna su. Ƙananan nan ne da ake raina su: data, raksha a inda ƙafa za ta kai, shayi sau huɗu, da biya wa abokai don kada a ce kai marowaci ne. Yanzu kuma da Bankak ta zama aljihun kowa, abin ya ƙaru, don takardar kuɗi in ta fita hannu kana jin fitarta, amma danna waya ba ya zafi. Sai yaro ya duba jimla ya ce, "Malam, anya ni na kashe wannan?" Daga wannan tambayar karatu yake farawa.

Bayan nan sai rabo. Malaman usulu sun kasa buƙatu gida uku: larura, da buƙata, da ƙawa. Da wannan ma'auni muke raba kuɗin wata ranar da ya shigo, ba bayan kwana goma ba. Haya da abinci da mota da magani su fara fita. Sai a ware wani abu, ko yaya ƙanƙantarsa, na ko-ta-kwana, domin zazzaɓin cizon sauro ba ya sallama kafin ya shigo. Abin da ya rage a raba shi mako huɗu. Sai dai a nan akwai abin da littattafan ƙasashen waje ba za su gaya maka ba. Su suna cewa ka tara kuɗi. A ƙasar da farashi ke gudu, kuɗin da ka ajiye narkewa yake kamar ƙanƙara a watan Mayu. Don haka nake ce wa ɗalibai, abin da ba ya lalacewa kuma ka tabbata za ka ci, irin su sukari da mai da adas da sabulu, saye shi ranar farko. Wannan ba shi ne ɓoye kaya da aka hana ba. Wanda aka hana shi ne ɗan kasuwa ya kwashe abinci ya kulle don jama'a su matsu ya tsawwala.

Akwai abin da mutanen nan ke kira gadar zurufak, wato saye daidai da halinka: mai a 'yar leda, sukari a cokali, tumatir na miya ɗaya. Rahama ce ga wanda ba shi da shi, ban musa ba. Amma ku yi lissafi. A ce kwalbar mai an raba ta leda goma, kowace leda ana sayar da ita kashi ɗaya cikin takwas na kuɗin kwalba. Wanda ya sayi goman ɗaya bayan ɗaya ya biya kuɗin kwalba da rubu'i. Talaka ya fi mai kuɗi sayen abu da tsada, abin mamaki. Maganinsa ɗalibai sun daɗe da sani, shi ne mez: mutum biyar ko shida su haɗa kuɗi, su sayo da yawa, su riƙa girki bi da bi. Na ga mez ya riƙe yara shekara huɗu lafiya, na kuma ga ya raba aminai. Bambancin guda ne, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. A naɗa mai riƙe kuɗi, a manna takarda a bango, a yi magana tun farko a kan baƙo da kuma wanda ya yi tafiya. Haka sanduƙ, wanda mu muke kira adashi. Halal ne a wajen mafi yawan malamai, rance ne na juna ba ƙari, amma ku sani mai ɗaukar ƙarshe a lokacin tsada ya yi sadaka da wani abu, don haka a gajarta zagaye.

Sai shiga kasuwa kanta. Baƙon ɗalibi abu biyu ke fara ruɗa shi. Na farko lissafin baki. A 1992 aka kawo dinari a madadin jine goma, a 2007 aka dawo da sabon jine a madadin dinari ɗari, wato tsohon jine dubu. Bakin mutane bai bi canjin ba, sai ka ji ana cewa miliyan alhali dubu ake nufi. Kafin ka biya, tambayi mai kaya da tsohon lissafi yake magana ko da sabo. Ba abin kunya ba ne. Na biyu awo. Ratal bai kai rabin kilo ba, wajen giram 450 ne. In wani ya faɗi farashin ratal, wani ya faɗi na kilo, sai ka mayar da su ma'auni ɗaya kafin ka ce wannan ya fi araha. Allah Ya saukar da sura guda da sunan masu tauye awo, amma saukar surar bai ɗauke maka duba sikeli ba. Ka duba kwanan watan lalacewa a jikin gwangwani da magani, musamman yanzu da kaya suka daɗe a rumbuna cikin zafi.

Ga haƙƙinka kuma a fiƙihu, wanda da yawa ba su san suna da shi ba. A mazhabarmu, in ka ce na saya, ya ce na sallama, ciniki ya ɗauru ko ba ku rabu ba. Amma kana da damar ka gindaya sharaɗin zaɓi tun farko, ka ce zan gwada zuwa kwana kaza, kuma muddar tana bin irin kayan. Wani sahabi da ake yawan cuta a ciniki, masu sharhi suka ce Habbanu ɗan Munƙizu ne, ya kai kuka wajen Annabi (SAW), sai ya koya masa ya riƙa gindaya sharaɗin ba yaudara. Ku duba, bai ce masa ya daina shiga kasuwa ba, dabara ya koya masa. Sannan in ka sami tsohon aibi da aka ɓoye maka, kana da ikon mayarwa ko ba ka yi sharaɗi ba. Kuma in ka ce wa mai kaya ban san farashi ba, sayar mini yadda kake sayar wa mutane, sai ya zabga maka, malamai sun ce wannan ciniki ana iya warware shi. Duk wannan sai da shaida, saboda haka karɓi rasit, in babu ka tafi da aboki.

Wurare uku masu santsi

Na farko canji. Bari in yi gyara a matsayina na malamin Larabci: a Hausa kalma ɗaya muke faɗa, riba, alhali a Larabci biyu ce. Akwai ribar ciniki mai albarka, akwai riba da Allah Ya haramta. Takardun kuɗi na yau suna ɗaukar hukuncin zinariya da azurfa, haka Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar. Saboda haka in za ka canza naira ko sefa ko riyal zuwa jine, farashi yadda kuka daidaita, amma dole hannu da hannu. Majalisar ta kuma bayyana a zamanta na Jidda a 1990 cewa shigar kuɗi cikin asusu a matsayin karɓa yake. To, in baba zai ba wani naira a Kano, abokin huldarsa ya ba ka jine a nan, ku yi a zama ɗaya, waya a hannu. Kada a yanke farashi yau a ce sai jibi za a biya. Ban da haramci ma, jibin nan farashi ya motsa, ɗayanku zai ji an cuce shi.

Amma jine da jine, dole daidai wa daida. Tun ƙarancin takardun kuɗi na 2018 muka saba da a tura wa mutum dubu goma ta waya ya ba ka dubu tara a hannu. Ni a fahimtata wannan riba ce ta haram a kan mai yankan. Wanda larura ta matsa, ba shi da wata hanyar sayen magani ko abinci, ina fatan Allah Ya yi masa rangwame. Amma ɗalibi ya mayar da shi sana'a, a'a.

Na biyu bashi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Mu kuwa in aboki ya ce a rubuta sai mu ji haushi, wai bai yarda da mu ba. Mai kanti yana da littafinsa na jarura, kai ba ka da naka, ƙarshen wata abin da ya faɗa shi ke nan. Riƙe naka littafin. Ana yawan tambayata kuma: na ranta wa mutum dubu ɗari shekara uku da suka wuce, yau ba ta sayen rubu'in abin da take saye, me zai biya ni? Asali a wajen jamhuru shi ne a biya adadin da aka karɓa, haka Majalisar Fiƙihu ta yanke a Kuwait a 1988. Alƙali Abu Yusuf na Hanafiyya ya duba ƙima, Rahuni a cikin malamanmu ya ce in faɗuwar ta yi muni ƙwarai a duba. Abin da nake ba da shawara shi ne sulhu, kuma mai biya ya kyautata da kansa ba tare da an sharɗanta ba. Wallahu a'alamu.

Na uku ya fi ci mini rai. Yaƙin nan ya cika gari da kayan mutane da aka kwashe daga gidaje: wayoyi, kwamfutoci, firji, har littattafai. Ɗalibi yana buƙatar kwamfuta, ga ta a rubu'in kuɗinta, ba kwali ba rasit, mai sayarwa yana waige-waige. Ɗana, in ka san na sata ne ko zatonka ya rinjaya, haramun ne ka saya, arha ba ta halatta shi. In kuwa ka saya ba ka sani ba, mai shi ya zo da shaida, zai karɓi abinsa, kai kuma ka nemi wanda ya sayar maka, in ka gan shi. Wataƙila mai kwamfutar nan ɗalibi ne irinka, binciken digirinsa na ciki, yana gudun hijira a Masar ko Chadi.

Kada kuma ku ɗauka mai saye ba shi da ƙarfi. A Satumba 2011 Ƙungiyar Kare Mai Saye ta Sudan ta kira a ƙaurace wa nama na kwana uku, da taken algali matruk, wato abin da ya yi tsada a bar shi. Mutanen Hartum da yawa suka amsa, mahauta suka ji a jikinsu. Ɗalibi ya san akwai wannan, ya san akwai hukumar ma'auni da ingancin kaya da ake kai wa ƙara.

Lokaci ma dukiya ce, kuma littafin nan na aljihu yana aiki a kansa. Rubuta awoyinka na mako ɗaya ka ga abin da waya ta ci. Mu an riga an raba mana yini gida biyar. Karatu mai nauyi bayan asuba, kafin zafi, kafin a ɗauke wuta. Cefane da wanki rana ɗaya a mako. Ba zan tsawaita a nan ba.

Ku kuma iyaye, gwajin nan da aya ta ambata a gida ake yinsa. Shekara guda kafin yaro ko yarinya su tafi jami'a, ba su kuɗin cefanen mako, su sayo, su kawo lissafi. In sun yi kuskure kada a yi faɗa, gara ya yi asarar kuɗin tumatir a gabanka da ya yi asarar kuɗin makaranta a bayanka. Ka gaya masa gaskiyar abin da kake samu. Kuma in ya bugo waya ya ce kuɗi bai isa ba, kada ka ce ƙarya yake, kada kuma ka tura nan take. Ce masa ya ɗauki hoton shafin littafinsa ya turo.

Shi wancan ɗalibi da na fara da labarinsa, wata biyu muka yi yana kawo mini littafinsa duk Juma'a. A wata na uku ya daina zuwa da shi, ni kuma ban tambaya ba, don bai sake tsayawa a sahun baya ba.

In Allah Ya yarda za mu fara babin ciniki na Risala ranar Asabar bayan la'asar, mata kuma ranar Litinin da hantsi. Ɗaliban jami'a da masu shirin shiga su zo da ƙaramin littafi da biro. Wanda yake da tsohon rasit ko takardar bashi da ta rikice masa, ya taho da ita, da ita za mu yi misali.